Kundin Aikin Haɗa Maganin Homiyofati da Hannu Daga Naman Kazan Daji

25 ga Agusta, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta duk abin da na yi a aikin da na ɗaukar wa kaina, wato haɗa maganin homiyofati da hannuna tun daga tsinko naman kaza a daji har zuwa kwalbar ƙarshe, bisa ƙa'idar da Samuel Hahnemann, likitan da ya ƙirƙiro wannan hanya, ya shimfiɗa. Ina zaune a jihar Saksoni ta ƙasar Jamus, inda nake koyon aikin ɗakin gwajin magunguna, kuma a wannan jiha aka haifi Hahnemann, a garin Meissen, cikin shekarar 1755. Da wuya ka shiga kantin magani a nan ba ka ga 'yan kwalaben nan masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sukari farare ba, waɗanda iyaye mata da yawa ke ba yaransu idan sun yi mura ko sun bugu. 'Yan uwa daga gida sun fara tambayata ko zan aika musu, domin an gaya musu cewa maganin Jamus ne, na itatuwa, wanda ba shi da wata illa. Ban yarda in amsa musu da abin da na ji a bakin wasu kawai ba, tunda gani ya kori ji.

Asalin hanyar a taƙaice shi ne wannan. A shekarar 1790 Hahnemann yana fassara wani littafin magunguna na Ingilishi sai ya sha ɓawon itacen da ake fitar da kwinin daga gare shi, ya ce ya ji alamu masu kama da na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa abin da ke haddasa wata alama ga mai lafiya shi ne zai warkar da ita ga marar lafiya, ya bayyana shi a 1796, sannan ya tsara shi a littafinsa Organon a 1810. Rukuni na biyu na hanyar shi ne a yi ta sirka maganin ana girgiza shi ko ana niƙa shi, bisa imanin cewa hakan yana ƙara masa ƙarfi. Wannan rukuni na biyu shi ne wanda hannu zai iya gwadawa, kuma shi na sa a gaba.

Na zaɓi naman kazan da masu wannan hanya ke kira Bovista, wanda masana ke kira Calvatia gigantea, wani farin dunƙule ne da ke fitowa a makiyaya ba shi da hula ba shi da ƙafa. Akwai wani da ya fi shi suna a littattafansu, mai jar hula da fararen ɗigo, Amanita muscaria, amma yana da guba mai taɓa ƙwaƙwalwa, don haka ba zan kusance shi ba. Sharaɗina ɗaya ne tun daga yau: babu wanda zai sha abin da na haɗa, ni ko wani.

8 ga Satumba

Bayan ruwan da aka yi a makon jiya na sami abin da nake nema a gefen wata makiyayar shanu, kusa da shinge, inda ƙasa ta sha taki kuma ciyawa mai ƙaiƙayi ta yi yawa. Guda biyu ne kusa da juna, babban ya kai girman kan mutum, ƙaramin kuwa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Dokar Jamus ta yarda mutum ya ɗebi ɗan kaɗan don amfanin kansa matuƙar ba a cikin dajin da aka keɓe don kariya ba ne, saboda haka na cire ƙaramin na bar babban ya ci gaba da nuna, domin wanda ya nuna ya bushe ake buƙata a wannan aiki.

Ban kai shi gida ba sai da na biya wurin wani dattijo daga cikin masu duba naman kaza waɗanda ƙungiyar masana fannin ta ƙasar Jamus ke ba takardar shaida. Ya sa wuƙa ya tsaga shi daga sama har ƙasa, ya nuna mini cewa cikinsa fari ne fat daga gefe zuwa gefe, mai laushi kamar awara, fatarsa kuma siririya ce. Wannan tsagawa ita ce babbar kariya. Akwai wani dunƙule mai kaurin fata, Scleroderma, wanda cikinsa ke yin baƙi-baƙi tun yana ƙarami, kuma yana sa amai da gudawa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne jaririn Amanita, domin kafin ya buɗe lemarsa yana fitowa ne a dunƙule tamkar ƙwai, sai an tsaga shi ake ganin zanen hula da ƙafa a kwance a ciki.

Dattijon ya daɗe yana yi mini bayani a kan Amanita phalloides, wanda shi ne ke kashe mafi yawan mutanen da naman kaza ke kashewa a Turai. Dafuwa ba ta kashe gubarsa, shanya ma haka. Wanda ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan amai da gudawa su taso, daga baya ya ji sauƙi har ya ɗauka ya warke, alhali a lokacin ne hantarsa take lalacewa. A watan Satumba na 2015 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, sun ci shi a Jamus saboda ya yi musu kama da wanda suka saba ci a ƙasarsu, har babban asibitin koyarwa na Hannover ya fitar da sanarwar gargaɗi cikin harsuna daban-daban. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taso yana tsintar naman kaza a gindin suri da damina, ya sani cewa idon da ya koya a gida ba zai yi masa aiki a dajin wata ƙasa ba.

29 ga Satumba

Babban ya nuna. Fatarsa ta koma ruwan ƙasa ta tsattsage, ya yi sakayau, kuma da na taɓa shi da yatsa sai wata ƙura mai launin ƙasa-ƙasa ta tashi. Wannan ƙura ita ce irinsa, kuma an ƙiyasta cewa babba guda ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyinta tiriliyoyi. Na sa takunkumi da safar hannu kafin in yanki wani ɓangare in sa a jakar takarda, domin shaƙar ƙurar da yawa yana kumbura huhu. A 1994 wasu matasa takwas a jihar Wisconsin ta Amurka sun shaƙi irin wannan ƙura da gangan, kuma sai da aka kwantar da wasunsu a asibiti. Sauran na bar shi a wurinsa don ya watsa irinsa.

Mutanen da a Turai da Arewacin Amurka sun riƙa danna busasshen cikinsa a kan rauni don tsayar da jini, masu kiwon zuma kuma suna turara hayaƙinsa don ƙudan su lafa. Wannan amfani yana da ma'ana a fili, domin abu ne mai tsotse danshi, kuma ana sa shi da yawa a kan raunin. Na rubuta wannan ne don in riƙa tunawa da yawan da magabata suka yi aiki da shi idan na fara sirki.

Na ƙarasa busar da shi a inuwa, na tankaɗe ƙurar a cikin rufaffen akwati, na adana ta a kwalba mai duhu wadda na rubuta wa suna da wuri da rana. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayoyin zagayayyu ne, faɗin kowace bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na milimita ba, tare da wasu siraran zaruruwa a tsakaninsu. Da na yi lissafi da wannan faɗi, sai na ƙiyasta cewa giram ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan 30. Wannan ne dalilin da ya sa Bovista ya dace da aikina fiye da kowane ganye: abu ne da zan iya bin sawunsa da ido a kowane mataki.

13 ga Oktoba

Yau na yi niƙan farko, wanda ake kira C1, wato kashi 1 na magani cikin 100. Na auna giram 0.1 na ƙurar da giram 9.9 na sukarin madara, na raba sukarin gida uku daidai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda giram 0.1 ya taru a kan takardar sikeli, saboda rashin nauyin ƙurar, kuma numfashi kaɗan zai iya watsa ta, don haka na rufe taga na yi aikin a tsanake.

Hahnemann ya yi bayanin niƙan dalla-dalla a bugu na shida na Organon, wanda ya kammala a 1842 amma ba a buga shi ba sai 1921. Ana amfani da ɗan turmin tangaran wanda cikinsa ba shi da santsi. A zuba kashin farko na sukari tare da maganin, a niƙa minti 6 da ɗan ƙarfi, a kankare abin da ya manne a turmi da taɓarya minti 4, a sake niƙawa minti 6, a sake kankarewa minti 4. Daga nan a ƙara kashi na biyu a maimaita, sannan na uku, jimilla awa ɗaya cur. A mintunan farko taɓarya tana ƙara tana karce, domin sukarin yana da tsakuwa-tsakuwa, amma kafin kashi na biyu ya ƙare sai ƙarar ta mutu, garin ya yi laushi ya fara mannewa a jikin turmi har sai an sa ƙarfi wajen kankarewa. Wuyan hannu yana gajiya, kafaɗa ma haka. Launin ya tashi daga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a cikin fari zuwa launi guda mai kama da ƙasa-ƙasa mai haske, kuma har yanzu akwai ɗan warin busasshen naman kaza idan an kusantar da hanci.

Dole in faɗi cewa wannan awa ta sa na ƙara girmama mutumin ta wata fuska. A zamaninsa likitoci suna zubar wa marasa lafiya jini, suna ɗura musu magungunan da ke ɗauke da sinadarin makuri, kuma mutane da yawa sun mutu saboda maganin kafin cutar ta kashe su. Shi kuwa ya dage a kan awo, da tsafta, da rubuta kowane mataki, da kuma zama a saurari marar lafiya da kyau. Wanda ya kuɓuta daga zubar da jini aka ba shi sukari da hutu da abinci mai kyau, babu mamaki ya fi samun sauƙi, kuma ina ganin a nan ne sunan hanyar ya samo asalin ƙarfinsa.

Na narkar da miligiram ɗaya na garin a ɗigon ruwa na duba a madubi. Sukarin ya narke, ƙwayoyin kuwa sun cika fili, wasu a farfashe wasu lafiya lau. Lissafina ya ce kimanin 300,000 ne, kuma abin da na gani bai saɓa masa ba.

20 ga Oktoba

Na yi C2 da C3, kowanne da sabon sukari giram 9.9 da giram 0.1 daga matakin da ya gabata, tare da wanke turmi da tafasasshen ruwa a busar da shi a tsakani. C2 ya fito kusan fari, babu wari. C3 kuwa ba ya bambanta da sukarin da ke cikin gwangwani ta kowace fuska da ido ko hanci za su iya kamawa, domin kashi 1 ne cikin miliyan. A madubi, C2 yana nuna ƙwayoyi a warwatse nan da can, C3 kuwa sai na yi ta zagaya gilashin kafin in ci karo da guda.

3 ga Nuwamba

Daga C3 ake komawa ruwa. Littattafan suna cewa a yi amfani da ruwa gauraye da sinadarin barasa don kada abin ya lalace, amma tunda ba sha za a yi ba kuma ba dogon ajiya nake nufi ba, na tsaya a kan tataccen ruwa, wanda kuma ya fi kwanta mini a rai. Na narkar da kashi 1 na garin cikin kashi 99 na ruwa, na toshe kwalbar, na buga gindinta da ƙarfi sau 10 a kan wani littafi mai bangon fata kamar yadda al'adar ta tanada, ya zama C4. Na ɗauki kashi 1 daga nan na zuba a sabuwar kwalba mai kashi 99, na sake bugawa, haka har zuwa C12. Hanyar Hahnemann ta ce kowane mataki da sabuwar kwalbarsa. Akwai wata hanya ta wani Barushe mai suna Korsakov wadda ake zubar da ruwan a sake cika kwalba ɗaya, a dogara da abin da ya manne a jikinta, amma ban bi ta ba domin ba ta aunuwa.

A nan ne lissafi ya karɓi aiki daga hannun madubi. Bisa ƙiyasina, mililita ɗaya na C4 yana da ƙwayoyin iri kimanin 300, na C5 kimanin 3, na C6 kuwa sai an tara kwalabe da yawa kafin a yi tsammanin guda. Mai kare hanyar zai ce ƙwayoyin sun farfashe, sinadaransu sun bazu a ruwa, kuma wannan magana ce mai kyau, sai dai ita ma tana da iyaka. Ilimin sinadarai ya tabbatar da cewa adadin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ma'aunin da ake kira mol shi ne 6 da sifili 23 a bayanta, wato lambar Avogadro, alhali C12 sirki ne na 1 da sifili 24. Ma'ana, daga C12 zuwa sama, abin da ya fi yiwuwa shi ne babu ko ƙwayar sinadari ɗaya ta naman kazan a cikin kwalbar. C30, wanda ake sayarwa sosai a kantuna, yana da sifili 60, kuma kafin a yi tsammanin ƙwaya ɗaya a cikinsa sai an tara ruwan da ya ninka girman duniya sau biliyoyi.

Adalci ne a ambata cewa Hahnemann ya rasu a Faris a 1843, kuma sai a 1865 wani masanin kimiyya mai suna Josef Loschmidt ya fara ƙiyasta girman waɗannan ƙwayoyi. Shi yana da uzurin zamaninsa. Wanda ke sayar da C30 a yau ba shi da wannan uzuri, kuma bayanin da ake bayarwa cewa ruwa yana riƙe da tunanin abin da ya taɓa shiga cikinsa bai tsaya ba a gwaje-gwajen da aka yi cikin kulawa.

17 ga Nuwamba

Sanyi ya shigo, makiyaya ta zama fayau, amma a kan wani ruɓaɓɓen kututture na sami Trametes versicolor, wanda ke fitowa faifai-faifai a jere, da zobba masu launi daban-daban a samansa da ƙananan huji farare a ƙasansa. Dattijon nan ya tabbatar mini da shi. Na shanya shi don in riƙa kwatanta shi da kwalabena, saboda daga wannan nau'i ne aka fitar da maganin PSK wanda Japan ta amince da shi a 1977 a matsayin mataimaki tare da magungunan cutar kansa. Abin lura shi ne an riƙa noma shi ne a masana'anta cikin tsafta, a tace sinadarin, a auna, kuma an riƙa ba marar lafiya giram 3 a rana ƙarƙashin kulawar likita. Tafasa wanda aka tsinto a daji ba zai zama PSK ba, balle kuma na daji yana tara ƙarafa masu guba idan ya fito kusa da titi, kuma a kudancin Jamus har yanzu ana samun burbushin tiririn nukiliya na hatsarin Chernobyl na 1986 a jikin wasu nau'o'i. Duk da haka misalin ya nuna mini cewa naman kaza yana da sinadarai na gaske masu aiki a jiki, na alheri da na sharri, kuma aikinsu yana tafiya ne da yawan abin da ya shiga jikin.

Hukumomin da suka bincika homiyofati sun kai ga abin da turmina ya nuna. Majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta bayyana a 2015 cewa babu wata cuta da aka sami ingantacciyar shaida cewa homiyofati yana maganinta. Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun 1 ga Janairu, 2021. A nan Jamus ɗin ma, yawancin waɗannan kwalabe rajista kawai ake yi musu ba tare da an nemi shaidar cewa suna aiki ba, kuma saboda haka doka ta hana a rubuta sunan wata cuta a jikin kwalinsu.

1 ga Disamba

Kawuna ya kira ni yana tambayar inda aka kwana game da maganin, domin hawan jini yana damunsa kuma ya gaji da shan ƙwayoyi kullum. Na ce masa, "Kawu, ku yi haƙuri, na haɗa shi da hannuna, kuma abin da ya rage a kwalbar sukari ne da ruwa. Don Allah kada ku ajiye maganin asibiti. Idan yana wahalar da ku, ku koma wurin likita ya sauya muku wani." Ya yi shiru, sannan ya ce ai da ma an ce ba ya cutarwa. Na amsa masa cewa sukarin ba zai cutar da su ba, amma barin maganin da ke riƙe da jinin zai iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Wannan ita ce illar da nake tsoro ga mutanenmu fiye da kowace, kuma saboda irinta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2009 cewa kada a dogara da homiyofati wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da gudawar jarirai.

15 ga Disamba

Kwalaben ruwa sun fara nuna alamar gurɓata kamar yadda ake tsammani ga ruwan da babu abin adanawa a cikinsa, don haka na zubar da su na dafa kwalaben. Garin C1 zuwa C3 yana nan lafiya a busasshen wuri. Mataki na gaba shi ne wata abokiyar aikina za ta zuba C2 da C3 da sukari zalla a kwalabe iri ɗaya, ta sa musu lambobi ta ɓoye takardar, ni kuma in gwada rarrabe su da madubi ba tare da na san wanne ne wanne ba, don in tabbatar cewa abin da na gani a watan Oktoba ba son zuciyata ne ya nuna mini shi ba. Bayan haka zan sake haɗa C4 zuwa C6 da sabon ruwa, in tace kowanne ta takardar tacewa mai ƙananan huji, in ƙirga abin da ya tsaya a kanta in kwatanta da ƙiyasina. Takardar tacewar na riga na yi odarta, ana sa ran isowarta bayan hutun ƙarshen shekara.